Ba a ɗakin tiyata ake gama tiyata ba

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwana tara na yi ina shimfiɗa tabarma a gindin gadon Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a wani asibitin gwamnati da ba zan kira sunansa ba. Hutu na ɗauka daga ofis saboda 'ya'yansa maza biyu suna ci-rani a kudu, sauran kuma yara ne. Na je da tunanin da yawancinmu muke zuwa da shi: in dai an samu likita mai hannu, an biya kuɗin aiki, an fito da mutum da ransa, to shi ke nan, sai a fara kiran 'yan'uwa a ce an yi nasara. Na dawo gida da wani tunanin daban. Likita awa biyu ya yi a kan Kawu. Sauran kwana taran a hannun nas-nas ya yi su, kuma daren da ya kusa tafiya ba likita a wurin.

Kawu manomin shinkafa ne a wani ƙauye cikin fadamar Auyo, in ruwa ya kawo kuma ya taɓa su. Ya haura sittin. Ya daɗe fitsari yana ba shi wahala, wani lokacin har da jini, amma bai faɗa wa kowa ba. Ku da kuka tashi a bakin kogin Hadejia kun san dalili: da tsargiya muka girma, jini a fitsari ba ya tsorata mutumin fadama. Sai da fitsarin ya tsaya cak kwana guda, mara ta kumbura, sannan aka ɗauko shi. Aka sa masa roba, aka yi hoto, likita ya ce ciwon nan ne na tsofaffi da suke kira furostet, wanda yake girma ya matse hanyar fitsari. Sai an yi aiki.

Rigimata da nas tun kafin a shiga ta fara, kuma ni ne mara gaskiya. An sa ranar Talata, aka ce daga sha biyun dare kada ya sa komai a bakinsa. Goggo, matarsa, ta ga ba zai yiwu mutum ya shiga hannun masu wuƙa da ciki wayam ba. Da asuba na tafi masallaci, ta dama masa kunu ta ba shi a ɓoye. Da safe nas ta zo da fayil, ta ce, "Baba, ka ci wani abu?" Ya ce a'a 'yata. Ta ce ko ruwa? Ya ce a'a. Ta dubi kofin da ke ƙarƙashin gado, ta ce, "Baba, kunu fa?" Sai Kawu ya ce, "Ai kunu ba abinci ba ne." Nan take ta je ta sanar, aka cire shi daga layin safe, kuma da yake layin ranar ya cika, sai da muka jira zuwa Alhamis.

Wallahi raina ya ɓaci. Ni da digirina na bi ta har teburinta ina faɗa, wai kofin kunu guda ne zai ja mana kwana biyu? Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, in aka yi wa mutum allurar barci, tarin da yake kare masa maƙogwaro shi ma barci yake yi. In abin da ke cikinsa ya taso, huhu zai wuce. Ko allurar baya aka shirya yi masa, ba wanda ya san ko a tsakiyar aiki sai an sa shi barci gaba ɗaya." Na yi shiru. Daga baya na karanta, na ga ƙa'idar da aka saba da ita ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ko ruwan sha, sai dai in asibitin sun faɗi nasu lokacin. Kunu kuwa a layin abinci yake, ko Kawu ya yarda ko bai yarda ba.

Ita ce kuma ta tono cewa Kawu kullum sai ya sha ƙwayar ciwon jiki ta kyamis bayan ya dawo daga gona, ga jiƙe-jiƙen da ba a rasa tsoho da su. Likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce a'a, don a wurinsa magani shi ne wanda asibiti ya rubuta. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna hana jini daskarewa da wuri, kuma aikin furostet aiki ne mai zubar jini. Ta auna hawan jininsa, ta tabbatar an gwada suga, ta tabbatar ledar jini biyun da muka bayar suna nan kuma sun dace da nasa, ta zauna ta yi masa bayani da Hausa kafin ya dangwala hannu a takardar amincewa. Duk wannan ba wanda yake kiransa aiki. Mu a wurinmu cika takarda ne.

Abin da ya faru a cikin ɗakin tiyata ban gani ba, a baranda nake da carbi. Amma ina da abokin karatu tun sakandare wanda ya shekara goma sha yana nas na ɗakin tiyata, shi ya warware min. Akwai nas da take wanke hannu ta sa riga kamar likita, ita take miƙa kayan aiki. Akwai ta biyu da take zagayawa a waje da teburin, tana kawo abin da ake buƙata tana rubutawa. Su biyun suna ƙirga kowace auduga, kowace allurar ɗinki, kowane almakashi, da baki, kafin a fara da kuma kafin a rufe ciki. In lissafi bai cika ba, ba a rufewa. Labaran da muke ji na an bar wa wance auduga a ciki, a mafi yawan lokuta wannan ƙirgar ce aka yi wa sakaci ko aka yi ta cikin gaggawa. Sannan a asibitocinmu da dama, mai ba da allurar barcin ma nas ne da ya ƙaro karatu a fannin, shi ne yake zaune a kan mara lafiya yana kallon numfashinsa har a gama. Mu dai duk wanda ya sa farar riga likita muke ce masa, shi ya sa in an yi nasara yabon ba ya zuwa inda ya kamata.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai shafi ɗaya, tambayoyi 19, da ake karantawa da ƙarfi sau uku: kafin allurar barci, kafin a sa wuƙa, da kafin a fita da mara lafiya. Wane ne wannan? Wane aiki za a yi masa, a wane ɓangare? An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta? Kayan sun cika? Da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan aiki sun sauko daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8. Takarda fa, ba inji ba. Kuma galibi nas ce take riƙe da ita. Sai dai takardar ba ta da amfani a ɗakin da nas ba ta isa ta ce wa babban likita "Yallaɓai dakata" ba.

To, ga daren da ya sa na yi wannan rubutun.

An fito da Kawu da la'asar. Muka yi ta waya, alhamdulillahi an yi nasara, 'yan dubiya suka cika ɗakin da kwanuka. Bayan irin wannan aikin ana barin roba a mafitsara, ana ɗura ruwa leda bayan leda yana shiga yana fita, don ya wanke jini kada ya daskare a ciki. An nuna min ledar da ke rataye a gindin gado, amma ba wanda ya ce min ga abin da zan lura da shi, ni ma ban tambaya ba. Wajen ƙarfe biyun dare Kawu ya fara murƙususu yana zufa. Na ɗauka zafin ɗinki ne allura ta sake shi. Ina ta ce masa sannu Kawu, yi haƙuri, gari ya kusa wayewa. Na fi rabin awa ina wannan sannun.

Nas ɗaya ne a ɗakin gaba ɗaya a daren, wani matashi, kuma yana can ƙarshen ɗaki a kan wani yaro da aka yi wa aikin hanji. Da ya zagayo, bai ma kalli fuskar Kawu da farko ba, leda ya haska da fitilar wayarsa. Ya ce, "Yaya, tun yaushe ta daina cika?" Ban sani ba. Ya taɓa marar, ta yi tauri kamar ƙwarya. Gudan jini ne ya toshe robar, ruwa yana shiga ba ya fita. Ya tsayar da ruwan, ya ɗauko babban sirinji ya dinga turawa yana zuƙowa, gudajin jini suna fitowa kamar hanta. Ya auna bugun zuciya, ya auna jini, ya ga ya sauka, ya buga wa likita waya, aka ɗaura ledar jini ta biyu kafin asuba. Da safe likita ya ce da an kai wayewar gari a haka, da ɗinkin ciki zai iya buɗewa, kuma tsoho mai shekarun Kawu ba lallai ya ɗauki komawa tiyata ba.

Ni abin da ya hana ni barci ba shi ne abin da yaron nan ya yi ba. Tambayar ita ce: da yaron da ke ƙarshen ɗaki ya riƙe shi awa guda fa?

Da na koma gida na bincika, sai na tarar abin ba na Kawu kaɗai ba ne. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta. An bi marasa lafiya sama da 11,000 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, sun fi su ƙarancin cututtukan da ke dagula aiki, amma haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka tsara ya ninka na sauran duniya. Abin da ya fi tsaya min: cikin waɗanda suka rasu, kashi 94 cikin 100 ba a ranar aikin suka rasu ba. A kwanakin da suka biyo baya ne, a kan gadon ɗakin jinya. Wato bayan mun gama waya mun ce an yi nasara. Wani ɓangare na binciken da ya fito a 2019 ya nuna cewa mace a Afirka ta fi ta ƙasashe masu arziki haɗarin mutuwa bayan tiyatar haihuwa kusan sau 50. Zubar jini, ƙwayoyin cuta a ciwo, numfashi da ya sauya: duk suna ba da alama awanni kafin su kashe mutum. Sai dai alama tana buƙatar ido.

Mu nan ba ma buƙatar mujalla ta tuna mana. A Oktoba 2024 da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, fiye da mutum 150 suka rasu, aka rarraba waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim, Hadejia da wasu wurare. Adadin ya ci gaba da hawa kwanaki bayan wutar ta mutu. Jinyar ƙuna kusan gaba ɗayanta aikin nas ne: ƙarin ruwa da lissafi, auna fitsari, wanke ciwo kullum, juya mutum. A Jahun kuma, inda ƙungiyar MSF take aiki tun 2008, ana ɗinke matan da suka samu yoyon fitsari, amma ɗinkin ba ya kamawa sai an yi makonni ana kula da roba da shan ruwa yadda aka tsara.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, kuma ba zan ƙaryata ku ba. Akwai nas masu tsawa. Akwai wadda za ka yi wa magana idonta yana kan waya. Akwai wanda yake kallon ɗan ƙauye kamar ya zo roƙo. Ni ma a kwana taran nan na ga wadda ta yi wa wata tsohuwa faɗan da ko 'yar cikinta ba za ta ɗauka ba. Wannan ba shi da uzuri, kuma shugabanninsu su daina rufa wa irin waɗannan asiri. Amma mu ma'aikata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ni a ofis in fayil biyar suka taru a teburina sai na ce a dawo gobe. Shi wannan yaron ɗaki guda aka bar masa daga dare zuwa safiya, da na'urar auna jini ɗaya da ake aro tsakanin ɗakuna, da fitilar waya in wuta ta ɗauke. Ba shi da gobe da zai tura kowa.

Kuma tafiya suke yi. A farkon 2024 shugaban hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista a Najeriya ya ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. A ƙarshen Yuli 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Mu namu ba sai sun kai Ingila ko Saudiyya ba. Asibitin tarayya a Dutse, Birnin Kudu, Nguru ko Kano ya ishe su. Muna da makarantar koyon aikin jinya a nan Hadejia, ga ta Birnin Kudu, yara suna fitowa duk shekara. Amma wanda ya shekara goma a ɗakin tiyata in ya tafi, sabon da aka yaye bara ba ya cike gurbinsa, don wanda zai koya masa ne ya tafi.

A nan nake da magana da gwamnati da kuma masu hannu da shuni. Mun iya gini. Mun iya fenti da yanke kirtani da ɗaukar hoto a gaban sabon ɗakin tiyata. Mun iya kawo likitoci su yi wa mutum ɗari aikin ƙaba ko na ido kyauta cikin kwana uku, Allah Ya saka wa masu yi. Amma ranar ta huɗu likitocin sun koma, mutum ɗarin nan wa aka bar wa? Duk mai ɗaukar nauyin irin wannan aikin ya sa kuɗin nas na dare da kayan wanke ciwo na mako biyu a cikin lissafinsa, in ba haka ba rabin sadaka ya yi. Masarautar Hadejia ƙananan hukumomi takwas ce, daga Birniwa zuwa Kafin Hausa, daga Guri da Kiri Kasamma zuwa Kaugama, kuma Gwamna Malam Umar Namadi ɗan cikinta ne, ba sai an yi masa kwatance ba. Ni tambaya ɗaya nake so 'yan majalisarmu su dinga yi in sun je duba asibiti. Ba gado nawa ba, ba likita nawa ba. Nas nawa ne suke kwana a ɗakin waɗanda aka yi wa aiki? A rubuta adadin a allo a ƙofar ɗakin kowa ya gani.

Kada wani ya ce ai sai a ba su umarni su ƙara sa ido. An gwada. Masu binciken nan sun sake yin wani, aka buga a 2021, inda aka ce a ware masu haɗari, a matso da su kusa da teburin nas, a ƙara yawan auna su. Mace-mace ba su ragu ba, kuma asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da tsarin yadda aka so. Ni ban yi mamaki ba. Umarni ba ya ƙara wa mutum hannu na uku.

Abin da muke da shi a yalwace shi ne majinyata. Kowane gado akwai mutum a gindinsa, wani gadon ma uku. A asibitin Mbale na Yuganda an gwada koya wa 'yan'uwan mara lafiya auna bugun zuciya da numfashi da ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, kuma yawan awon da ake yi wa marasa lafiya ya ƙaru. Ba cewa nake majinyaci ya zama nas ba, Allah Ya kiyaye. Cewa nake da an ɗauki minti biyar an ce min, Malam, in ledar nan ta daina cika, ko ta koma ja wur, ko ya fara zufa mai sanyi, ko ya daina gane mutane, taso ni ko ina sallah ne, da ban ɓata rabin awa ina sannu ba. Kai ma da za ka yi jinya, kada ka jira a faɗa maka. Kafin nas ɗin rana ta tashi, tambaye ta: Sista, me zan gani in kira ku?

Sannan mu rage cika ɗaki. Dubiya lada ce, amma mutum ashirin a kan mai sabon ɗinki, wannan ya zauna a gado, wancan ya ɗaga zane ya ga wurin, wata ta ɓallo fura tun ba a ce ya fara ci ba, wannan ba zumunci ba ne. In nas ta ce a tayar da shi ya taka washegari, ba mugunta ba ce, kwanciya ce take daskarar da jini a ƙafa ta tara majina a ƙirji. Haka mai jegon da aka yi wa aiki: a tambayi asibiti kafin a fara ruwan zafi da kunun kanwa, kada a ce ai haka aka yi wa uwarta.

Da aka sallame mu, wata sabuwar ta taso. Damina ta yi nisa, hanyar ƙauyensu sai da kwalekwale, ga ranar komawa asibiti an rubuta. Goggo ta ce ai akwai yaron kyamis da yake cire zare. Na ce Goggo, wannan karon ba kunu. Na riƙe shi a gidana a Hadejia mako uku, muna faɗa kullum a kan shinkafarsa da tsuntsaye suke ci. An ce kada ya ɗauki kaya mai nauyi har mako shida. Shekaranjiya aka aiko min cewa an gan shi a kan keke da buhun taki.

Wanda yake da lambar wani a cikin 'yan kwamitin lafiya na majalisar jiha ya turo min ta akwatin saƙo. Ina so in kai musu tambayar nan a rubuce, in karɓo shaidar sun karɓa.